Zanen Gidan Kawu Maiwada Ya Buɗe

Yaya Taufiq,

Na leƙo na tarar kana barci, ban tashe ka ba. Motar Zungeru ba za ta jira ni ba.

Ka kwantar da hankalinka, zanen gidan Kawu Maiwada ya buɗe. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Wutar da aka ɗauke jiya kana tsakiyar aiki, ita ta ɓata fayil ɗin. Ashe manhajar tana ajiye kwafi da kanta a gefe. Shi na lalubo, na canza masa suna, ya buɗe tsaf. Na sa maka a filashi, yana kan firij.

Amma fa kwafin shekaranjiya ne. Banɗakin baƙi yana nan yana kallon alƙibla, abin da Kawu ya tako har gida ya yi ta faɗa a kai. Don Allah ka juya shi kafin ka tafi Tunga bugawa, tunda yau magina za su ja igiya.

A kwamfuta juyawa kawai za ka yi. In suka zuba kankare kuwa, sai guduma, ga kuma bakin Kawu.

Ƙanwarka,
Amatullah