Layin da Douwe Ya Ɓoye

Leeuwarden, 4 ga Maris

Ƙawata Hiske,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya gwiwar? Ina fata sanyin Harlingen bai kulle ki a ɗaki ba.

Sabon shugabanmu, Jelle, ya ɗora mini aikin da kowa ke gudu. Kin tuna manhajar imel da muka rubuta a saman gidan burodi, ni da ke da mijinki marigayi Douwe? Jimlolin da take nuna wa mutane, irin su "wasiƙa ba ta tafi ba", a warwatse muka zuba su cikin rubutun manhajar. Yanzu wai in tattara su a fayil ɗaya, in share marasa amfani. Wata jimlar sau goma sha ɗaya na same ta. Naki ba sa ɓuya, ba kya sa aya.

Jiya na ci karo da wani layi na 1998. Douwe ya tsara shi ya fito in ke ce kika aika wasiƙa: "Ta tafi, Hiske. Za ki zo mu yi zamiya a kan ƙanƙara ranar Asabar?" Sai dai ya tsallake harafi ɗaya a adireshinki, saboda haka layin bai taɓa fitowa ba. Ashe shi ya sa ya yi makonni yana kumbure-kumbure, mu muna cewa haƙori ne.

Jelle ya ce in share kawai, nan ba gidan tarihi ba ne. Na ce sai na ji daga bakinki, tunda ke ce matar Douwe. Me kika ce?

Taki,
Marrit

Leeuwarden, 13 ga Maris

Hiske,

Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Ban taɓa sanin ke ce kika gaji da jira kika tare Douwe da maganar soyayya a wurin ajiye kekuna ba. Shekara ashirin da biyu da aure, kuma bai taɓa ambata miki layin ba.

Na yi yadda kika ce. Na mayar da harafin a kwamfutata, na aika wasiƙa da sunanki, tambayarsa ta fito. Ga hotonta nan cikin ambulan. Na daɗe ina kallonta, har kofina ya huce, sannan na share.

Jelle ya duba aikin ya amince, ya rubuta a gefe, "An cire layi ɗaya mara amfani." Ban gyara masa ba.

Ki gaida yara.

Taki har kullum,
Marrit