Inna, Ba Kura Ta Ci Akuyar Nan Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance gabas da tsohuwar rijiya, ƙarƙashin aduwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da roƙon Allah Ya yalwata makwancinki, ina sanar da ke muna nan lafiya. Damina ta yi kyau, an cika rumbuna. Ni ce Habsu, ko da yake na san sai kin ɗan yi tunani, tunda ke ma ba da wannan suna kike kirana ba.

To, gaisuwa ta ƙare. Yau ƙorafi na kawo miki, kuma sai kin saurare ni.

Kwanan baya wani ɗan jarida ya zo daga gidan rediyo a Dakoro yana neman tarihin garinmu. Idi autanki, wanda yanzu shi ne mai gari, ya gyara rawani ya zauna kan kujera ya kwashe labari kaf: yadda Baba ya sari dajin nan, yadda ya taho da irin hatsin ubansa daga gulbin Maraɗi, yadda ya yi haƙuri har irin ya saba da ƙasar arewa, ga shi yau kowa na shuka "irin Baba". Idi fa! Shi da yake goye a bayanki lokacin, majina na dalala. Da ya gama sai ya nuna ni da baki ya ce, "Ga ma yayata nan, Ta-Kura, wadda ta ba kura akuyarmu shekarar nan." Aka kwashe da dariya. Ranar kasuwa wata mata daga Mai Yara, wadda ban taɓa gani ba, ta riƙe mini hannu ta ce ashe ni ce ta cikin rediyo. Haba Inna! Da furfurata, da jikokina goma sha.

Kin tuna tashinmu daga gulbi. Baba ya dawo daga aikin tilas na hanyar Nasara, kafaɗunsa duk sun saɓule da ɗaukar dutse, bai gama warkewa ba ya ji an sake rubuta sunansa. Ya ce arewa za mu, inda raƙuman gumiye, dogarawan kumandan, ba su cika kaiwa ba. Jakai biyu, turmi, tukunya, jar akuyarki mai tsagaggen kunne, sai dami guda na zango, hatsin gulbi mai doguwar zangarniya. Damin nan bai yarda wa jaki shi ba, a kansa ya ɗauka. Ni da nake 'yar shekara biyar a ƙasa na taka, ƙarangiya na cin ƙafata, dami kuwa yana sama yana shan iska.

Muka sauka kusa da rijiyar wasu Buzaye, su Gaisha da mijinta. Suna kiwo, suna kuma da 'yar gona ta wani gajeren hatsi da bai kai ƙirjin mutum ba. Baba ya dube shi ya yi tsaki. Ya sari daji, ya kafa bukka biyu, kafin shekara ta kewayo gida uku sun biyo mu.

Damina uku, Inna. Zangon nan ya tashi kore shar, ya yi tsawo har mai raƙumi ya ɓace a cikinsa, sai ya fara fidda kai ruwa ya ɗauke. Ruwan arewa ba ya jiran kowa, kowa ya gane haka ban da mijinki. Abin da ake samu 'yan zangarniyar kwari ne, su kuma ya ɗaure ya rataye ya ce iri ne, ba a taɓawa. Mijin Gaisha ya tako har bakin bukka ya yi masa tayin nasu irin. Ban manta amsar ba: "Ni ɗan gulbi, wanda anka yanke ma cibiya a gona, in amshi iri ga mai bin wutsiyar raƙumi?"

Muka ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya ragu. Muka sussuka ƙarangiya. A shekara ta uku Sa'a, mai bi mini, ta kumbura ta tafi. Komawa gulbi ba dama, miƙa kai ne ga gumiye. Canza iri kuma Baba ya ce sai dai bayan ransa. Ina kallonki ranar da kika latsa ƙafar Idi da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Kika ce, ba da kowa ba, "Na binne ɗaya, ba ni binne biyu."

Zaɓen iri aikin maza ne, sussuka kuwa namu. Nan dai Baba ya yi sake. Da hadari ya fara haɗuwa ya sauke damin ya miƙa miki ya ce ki sussuke, shi ya tafi yasar rijiya da sauran maza. Hantsi bai gama ɗagawa ba kika ce in jawo akuya in biyo ki wajen su Gaisha.

Ga inda nake jin haushinki ke nan har gobe. Gaisha ta cika miki ƙwarya da irinta ta ce ki ɗauka kyauta. Kyauta, Inna! Da kunnena na ji. Kika ɗaure fuska kika ce, "Mijina bai roƙa ba, ni ma ba roƙo na zo ba." Kika danƙa mata akuyar, tilon abin da ya rage mana mai nono, kika ce ta sa ta cikin garken da zai yi arewa da saukar ruwa. Kullum ana cewa Baba ne mai taurin kai. Kayya, ba su san ki ba ne. Da kin ce na gode kin juyo da akuyarki, da yau ina amsa sunana kamar kowace ɗiya.

Muka dawo, kika sa wuƙa kika yanke igiyar, kika jefar da guntun bakin daji. Zangon kakana kuwa, wanda aka ɗauko a ka tun daga gulbi, kika sussuke, kika surfa, kika daka, kika kirɓa hura da shi. Sannan kika kama kunnena kika ce in na faɗa wa wani mahaluƙi abin da na gani, ba ki yafe mini nononki ba. Shekarata takwas. Ba ki ce zuwa kaka ba, ba ki ce zuwa in yi aure ba, ba ki ce har yaushe ba.

Baba ya dawo da la'asar, laka har wuya, ya tambayi akuya. Ko ƙifta ido ba ki yi ba kika ce Habsu ce ta ɗaure ta sako-sako a bakin daji, kura ta ɗauke. Ya je ya ɗauko guntun igiyar ya tsula mini sau uku. A na huɗu ya tsaya, hannu a sama, yana duban bakin igiyar. Sai ya yar, ya zauna. Kika miƙa masa ƙwarya, ya kafa kai ya sha da yawa, ya sauke ya ce, "Wagga hura kamar ta gida." Ni ina gefe ina shan nawa da hawaye.

Ruwa ya sauka. Yana gaba da sungumi yana sarar rami, mu muna baya muna jefa iri muna rufewa da diddige, irin Gaisha muke zubawa a madadin na kakana. Hatsi ya fito gajere. Kafin wata uku ya yi kai, gajejjeru masu kauri, cike da ido. Maƙwabta suka taru bakin gona, kowa ya san abin da yake gani, ba mai son ya fara magana. Baba ya daɗe tsaye, sannan ya ce, "Kun gani? Zangon ubana ya gane ƙasa. Arewa ce ta gajarta shi." Ke kuma kika tafa hannu kika ce, "Ikon Allah!" Tabɗi! Ni dai na duƙar da kai.

Shekarar muka ci tumu har muka gaji. Ƙafar Idi ta saɓe. Mutane suka dinga zuwa neman irin Baba, gari ya cika, aikin tilas ya wuce, har gumiye suka iso suka ƙirga mu, kumandan ya rubuta sunan Baba mai gari. Shi ya samu gari, ke kika samu ɗanki, ni na samu suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kin san abin da sunan nan ya yi mini? Ba wanda ya taɓa ba ni ajiyar ko kaza. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, abokan wasa suka bi gari suna shela a ɗaure awaki, amarya ta iso. Jikokina ma Kaka Kura suke cewa, su ruga. Kuma wa ya fi kowa ɗaga murya da shi? Ke. Daga bakin murhu sai in ji "Ta-Kura, kawo itace!" don dai ƙaryar ta zauna da gindinta. Duk garin nan Baba kaɗai ke ce mini Habsu, na ɗauka don har lokacin bai huce ba ne, ba ya son ko ambaton akuyar.

Da ciwon ajali ya kwantar da ke na zauna kusa da ke na ce, Inna, yanzu fa in faɗa? Kika ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba." Sai kika juya fuska wajen bango, na ji kina cewa a hankali kin ci amanar ubana, kin dafa masa gadon ubansa ya sha, ba ki san da wane ido za ki tashi ba. Ashe abin da kike yi wa istigfari ke nan duk bayan salla, shekara da shekaru. Na buɗe baki in ba ki haƙuri, kika ce in ba ki ruwa. Kwana biyu bayan nan kika tafi, ba ki kwance ni ba.

To saurara, don abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, da ɗan rubutuna na karatun manya.

Bayan sadakar arba'in ɗinki, da hantsi, na ji ana sallama. Na leƙa, Baba ne, yana dogara sanda, yana jan wata jar akuya da ke turjewa. Ya miƙo mini igiya ya ce, "Habsu, ga akuyarki, kura ta maido." Na karɓi igiyar. Ya ce igiyar da kura ta tsinke ba ta yin baki sumul. Ya ce shi manomi ne ɗan manomi, ya san ɗanɗanon zangon ubansa tun kurɓar farko. Ya ce bayan kaka ma ya ga mai tsagaggen kunne bakin rijiya cikin garken su Gaisha, har ta biyo shi tana kuka, ya yi kamar bai san ta ba. Na ce, to Baba me ya hana ka magana? Ya ce, "Uwarki ta yafa mini zanenta gaban mutane, ni in yaye?" Ya ce in yafe masa bulala ukun nan, sun fi duwatsun Nasara yi masa nauyi. Ya juya zai tafi, sai ya waigo ya ce kada in gaya wa kowa.

Ke kada in faɗa, shi kada in faɗa! Wai ni rumbu ce? Mutum biyu kuna ɗaki ɗaya shekara arba'in, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda, ni ce a tsakiya ina amsa sunan dabba. Wallahi da ba iyayena ba ne, da na ce muku wata magana.

Amma ranar nan, yana fita daga gidan na zauna riƙe da igiya na yi kukan da ban yi ba ran jana'izarki. Ba sunana na yi wa kuka ba. Na tuna juya fuskarki ne wajen bango.

Inna, ya sani. Tun ran hurar nan ya sani. Duk tuwon da kika ajiye gabansa ya san na irin wa yake ci, kuma kin tuna bai taɓa tashi daga kan akushi ba sai ya ce Allah Ya yi miki albarka, ke kina cewa tsufa ne ya sa shi surutu. Ba ki ci amanarsa ba. Shi da bakinsa ya ce da ba don ke ba da kabari huɗu ne ƙarƙashin aduwar nan, ba gari ba.

Kada ki ce na karya alkawari. Cewa kika yi kada in faɗa wa wani, shi ma haka ya ce, ni kuwa da uwata nake magana. Wanda ya leƙo ta bayana ya karanta, shi ya so. In kuma takardar ta kai ga Idi, ya sani akuyar nan kansa ta fansa, ya rage ɗaga rawani.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba da Sa'a, Ya jiƙan Gaisha da ta so ta ba mu kyauta aka hana ta. Allah Ya sa duk ƙwayar da ta tsira daga ƙwaryar nan ta zame miki haske. Na yafe miki sunan, na yafe masa bulalar. Ke ma ki yafe mini nononki, ki huta, babu abin da ake bin ki.

In Allah Ya haɗa mu, ki kira ni yadda kika ga dama, zan amsa.

Ɗiyarki,
Habsu