Ɗanyen Ƙwai a Cikin Lagireto

Anti Turai, don Allah ki taimake ni kafin bakina ya jawo mini abin da-na-sani.

Tun da aka kayar da turakun wuta garin nan ya rasa lantarki, tsohon janareton gidanmu a Maisandari ya zama komai namu. Shi ke jawo ruwan bohol, shi ke riƙe firjin da muke ajiye allurar ciwon sukari ta surukata, Hajja Gumsu. To, wata biyu ke nan lagiretonsa na yoyo. A cika shi da safe, kafin azahar ƙasa ta shanye ruwan.

Wai muna da injiniya a gida. Yayan mijina ne, Ya Babakura, wanda ya dawo wurinmu bayan an ƙone masa motar ɗaukar kaya a hanya. Shekara ashirin yana tuƙi, don haka a ganinsa babu ƙarfen da ya gagare shi. Kin san maganinsa? Ƙwai! Wallahi ɗanyen ƙwai yake fasawa a ciki, wai zai dahu ya toshe hujin. Da ƙwai ya ƙi, ya zuba garin taba, ya bi da barkono, ya liƙe wajen da sabulu. Yanzu in injin ya ɗau zafi, tsakar gida sai ƙauri kamar teburin mai shayi. Ƙwan ma na kajina ne, ko tambaya ba ya yi. In ya gama sai ya goge hannu a riga yana hura hanci.

Akwai Pindar mai walda a Ajilari, kowa ya san aikinsa. Na faɗa wa mijina Sa'id, ya ce kiran wani cin fuskar yayansa ne. Mutum da digirinsa, amma a gaban ƙwai ya zama kurma. Ranar Laraba injin ya mutu da tsakar rana, awa shida firji babu sanyi, a zafin garin nan.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Jiya na ga injin na tururi, na san ruwan ya ƙare, sai na juya na shige ɗaki. So nake ya buga gaba ɗaya, kowa ya ga iyakar injiniyan. Ya Babakura ne ya lura ya kashe. Na raina mutumin nan har gaisuwarsa nauyi take mini. Yaya zan yi?

Wadda Ta Ƙoshi, Maisandari

*

'Yar'uwa, a kan ƙwai kin yi gaskiya. Dabarar direbobi ce a daji, ta lallaɓa mota zuwa gari na gaba. In aka maimaita, hanyoyin ruwan take toshewa, injin ya ƙara zafi. Mijinki kuma, da ya fifita fuskar yayansa a kan allurar uwarsa, ba kunya ke damunsa ba, ragwanci ne ya sa wa hula.

Amma kada ki yi saurin gyara ɗaurin ɗankwali. Kin ga tururi kin shige ɗaki. Da injin ya buga, ba Babakura ne zai ji a jikinsa ba, tsohuwa ce. Shi da ƙwansa, duk shirmensa, gyara yake nema. Ke fa me kike nema? Cikinku uku, wanda kika raina shi kaɗai ya tashi ya kashe injin. Mutum ne da ya rasa mota da sana'a rana ɗaya, injin nan ne kaɗai wurin da har yanzu ake jin ta bakinsa.

Ga abin yi. A daina tayar da injin, kuma kada wanda ya buɗe murfin lagireto da zafinsa. Yau ɗin nan ki kai allurar Hajja wurin likitanta, ki faɗi awa shidan nan, ya ce ko tana da sauran amfani. Kafin a gama gyara, ki roƙi wuri a firjin maƙwabta masu sola. Sannan Sa'id ya buɗe bakin nan nasa ya roƙi yayansa, a matsayinsa na wanda ya san ƙarfe, ya kwance lagireton da hannunsa, ya kai wa Pindar, ya tsaya a kai har a wanke a yi walda. Da haka gyara ya samu, girma bai faɗi ba.

Ƙwan kajinki kuwa, gobe ki soya biyu ki kai masa da kanki, ki gaishe shi yadda ya kamata. Ranar tururin nan shi ya rufa miki asiri, bai ma sani ba.

Allah ya ba Hajja lafiya, ya sanyaya injinku da zuciyarki.

Anti Turai