Iro Bai Tafi Ba

Daren Laraba, Nahuce

Alhamdu lillahi, majalisarmu ta dara ba ta watse ba.

'Yan garin Rawayya sun zo wasa bayan la'asar. Tun bara muka kafa doka cewa ba mai motsa kara sai an yi shawara, wanda ya yarda ya ɗaga hularsa. Da wasa ya yi zafi, Malam Iro, gwaninmu, ya ce a matsa hagu. Huluna suka tashi wa dama, har da tawa.

Ya dube ni, ya ce, "Har da kai, tsoho? Mi kuka sani ga dara?" Ya miƙe ya ɗauki takalmansa. Na san in Iro ya tafi, rabin majalisa za ta bi shi.

Sai ya karkaɗe takalman, ya dawo ya zauna, ya matsa karan dama da hannunsa. Aka cinye mu sarai. Shi ke da gaskiya, na sani.

Da za mu tashi ya ce, "Gobe ku zo da wuri in koya muku, ku da hulunanku."

Goben nan da ya ambata ta ishe ni shaida cewa yana nan tare da mu.