Turken Da Ya Raba Maigidana Da Dutsensa

Zuwa ga Afandi, shugaban gidan saukar baƙi da ke bakin kogi, ƙasa da hazzan, wato madatsar ruwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar da Musulunci ya hora, tare da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Ni ce Saudatu, daga ƙauyen Hausawan da ke kudu da gidanka. Na roƙi liman a karanta takardar nan a ƙofar masallaci kafin a kawo maka, domin kada wani ya ce na yi magana a ɓoye.

Kafin in ɗauki alƙalami sai da na tuhumi zuciyata, ko hassada ce ke tura ni saboda baƙinka masu motoci ne. Na bincika iyakar iyawata, ban same ta ba. Fushi kam akwai, ina kuwa neman tsari daga gare shi. Amma fushina bai mai da gaskiya ƙarya ba.

Na farko. Maigidana masunci ne. Ba zan ambaci sunansa ba, gafirinka mai tsaron gaɓa ya san shi: dattijon nan mai dogara sanda. Kurkunu ya sandarar masa da gwiwar dama tun kafin a gina hazzan, don haka ba ya iya tsayuwa cikin jirgi, balle ya watsa tarun birgi. Abin da ya rage masa fatsa ɗaya, da wani shimfiɗaɗɗen dutse inda yake zama ya miƙe ƙafar, ruwa mai zurfi a gabansa. A nan yake samun karfasa da ƙurungu, wata rana ragon ruwa. In ya kawo, mu ci, in ƙyafe saura a kai kasuwar Suki. Da wannan muke rufa asirinmu, ba mu taɓa tsayawa ƙofar kowa ba.

Na biyu. Bayan Babbar Salla ka sa aka kafa turaku masu farin fenti, aka ce tsakaninsu na baƙinka ne, masu kamun kifi da ƙugiyar da ake ɗaura wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro. An ce tun da ruwa ya fara fitowa garau daga ƙofofin hazzan, kifin tsage ke taruwa a nan, shi kuma suke so saboda yana da faɗa. Turke na ƙarshe an kafa shi daf da dutsen nan, har inuwarsa na faɗa masa da hantsi. Dutsen yana ciki, maigidana yana waje.

Na uku. Gafir ya kore shi, ya ce masa, "Mamnu'u, an hana, ya Hajji, kifin nan ya yi karatun boko, ba ya cin tana." Masu wanki suka yi dariya. Malam ya naɗe zarensa ya taho. Dalilin da aka ba mu shi ne tarun mutanen ƙauye na ƙarar da kifi. Wataƙila haka ne, ban san ilimin ruwa ba. Amma ƙugiya ɗaya ba taru ba ce. Malam kuma ya shaida mani cewa baƙinka ba sa hawa dutsen, cikin ruwa suke shiga har ƙugu, can sama wajen tsakuwa, suna wulwula zare bisa kawunansu, kuma galibin abin da suka kama sai su sake shi. Hukuncin wahalar da mai rai don nishaɗi ba ni ce mai fatawarsa ba, na bar wa malamai. Abin da na sani shi ne an hana mai yunwa wurin da mai wasa ba ya bukata.

Na huɗu, shi ne ya hana ni yin shiru. Na ce wa Malam ya zauna, zan tafi cirar auduga, ya ce muddin hannuwansa na motsi ba zai ci gumin mace ba. Yanzu ya fara bin ƙanensa cikin jirgi zuwa bakin guguwar ruwan da ke ƙasan ƙofofin hazzan. Ka fi ni sanin yadda kogin ke tasowa in an buɗe ƙofofi. Mai ƙafa biyu in jirgi ya kife yana iya kai gaɓa. Shi ba zai kai ba. Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma na kuma yarda za a tambayi kowa sababin da ya kafa da hannunsa.

Roƙona ba shi da yawa. Ban ce a kori baƙinka ba, baƙo yana da hakki. A tumɓuke turke na ƙarshe a mai da shi bayan dutsen. In hakan ya yi nauyi, ka faɗa wa gafir da bakinka ya ƙyale dattijon da fatsarsa.

Ina sanar da kai kuma, don kada ya zo maka ba zato. Ni mace ce da ba ta saba tsayawa gaban maza ba, amma ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan riƙa wa Malam fatsarsa in raka shi har bisa dutsen, in zauna bayansa. In gafir zai karɓe ta, daga hannuna zai karɓa, a gaban baƙinka. Na fi son su gan ni a can da in tsaya bakin ruwa ana nemo mani gawa.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ƙafafunka har tsufa, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Saudatu.