Ganyen Bakin Teku a Cikin Ruwan Khal

Guangzhou, ƙasar Sin

Zuwa ga Yayata Ummu Salma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya jikin Hajiyarmu da gwiwar nan tata? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ta ladan haƙurin da take yi. Yaya 'ya'yana da na jibge miki, Muhammad Sani da Mas'uda? Na san Mas'uda ta ishe ki da surutu, ki yi haƙuri, uwarta ta gado. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Wannan takarda na ba Abdulrasheed ɗan unguwarmu, wanda ya gama sayayyarsa zai dawo Kano, ya kawo miki hannu da hannu. Kin san ɗaki ɗaya muke ciki da 'yar baranda, duk abin da na faɗa miki a waya a kunnen Baba nake faɗa, shi ya sa kullum sai dai ki ji ina cewa da sauƙi. Yau ina so ki ji sauran maganar da ba na iya faɗa a gabansa.

Yaya, na zo garin nan da 'yar jakar hannu da niyyar in rako Baba, in sari kayan yara a kasuwar Baima in juya, ga shi har na manta yadda ƙofar gidana take. Tun ranar da ya faɗi a tsakanin shaguna, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, rayuwarmu ta koma tsakanin asibiti da wannan ɗaki. Ɗakin yana can saman bene, babu lifta. A kan kujera mutanenmu suka ɗauko shi suka hawo da shi, kuma a kanta suke sauke shi duk ranar ganin likita. Wanda ke jagorantar ɗaukar shi ne Alhaji Iddrisu, tsohon abokinsa mutumin Kumasi mai harkar tura kaya ta tashar jiragen ruwa ta Nansha, wanda ke zaune a ƙasanmu da matarsa Rukaya. Ranar Juma'a Baba na jin takun maza suna sauka za su Masallacin Huaisheng, sai ya juya fuskarsa ga bango. Ni kuma iyakacina kasuwar bakin layi, a guje nake zuwa a guje nake dawowa, domin ba ya iya zuwa bayan gida shi kaɗai. Tagarmu ma bangon wani gidan take kallo, in na miƙa hannu sai in taɓa shanyar maƙwabta. Wallahi akwai ranakun da nake jin kamar in yi ihu.

Likita ya ce ba zai sa hannu Baba ya hau jirgi ba sai ƙarfinsa ya dawo, sannan ya hana shi gishiri da magi. Ke kin san Baba, mutumin da yake barbaɗa gishiri tun kafin ya ɗanɗana miya. Na dafa shinkafa, na dafa taliya, na yi farfesun kaza, na tuƙa tuwo da garin shinkafarsu, duk sai ya kai loma ɗaya ya ture kwanon, ya ce kamar yana tauna jiƙaƙƙen tsumma. Na lallashe shi, na yi masa faɗa, har kuka na yi masa, a banza. Agogonsa da yake kama masa hannu sai ga shi yana zamewa har gwiwar hannu. Likita kuwa magana ɗaya yake maimaita mana ta bakin tafinta, in bai ci ba babu ƙarfi, in babu ƙarfi babu jirgi. Duk shagon da na shiga na nuna hoton kuka ko daddawa a waya, sai su kaɗa hannu su ce meyo, wato babu.

Shi ya sa ranar da ƙullin nan naki ya iso na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yakuwa, zogale, daddawa, komai kin haɗa. Sai dai ya iso a lokacin da garin nan yake wani irin yanayi da ban taɓa gani ba. Ba ruwan sama ba ne, iskar ce kanta jiƙaƙƙiya. Bango yana gumi, madubi yana zubar da ruwa, wankin da na shanya sai ya kwana biyu yana warin danshi. Da na taɓa kukar na ji ta fara dunƙulewa, sai na yi abin da kowace 'yar Hajiya za ta yi: na baza komai a faranti, na kai baranda, na wangale taga da ƙofa don su sha iska. Tsohuwa mai gidan ta hango daga ƙasa ta hau ɗaga hannu tana ta faɗa da yarensu, ni kuwa na ce a raina wannan mata akwai shisshigi, na yi banza da ita. Ashe cewa take in rufe, domin su a wannan lokaci kulle tagogi suke yi gam. Kafin mako ya zagayo fumfuna ta rufe kayan nan, fari da kore, kamar an yayyafa musu auduga. Ki yafe mini, Yaya. Na san rana nawa kika ɓata kina gyara su, kuma na san Hajiya ce ta daka kukar da hannunta.

A kan matakala nake zaune da ledar kayan a cinyata, zan kai bola na kasa, ina ta sharɓar kuka, sai ga wata mata ta sauko. Sunanta Aicha, 'yar Damagaram ce, tana auren wani ɗan Aljeriya mai sayen kayan waya, suna zaune a saman namu. Ta buɗe ledar ta leƙa, ta ce ita ma shekararta ta farko haka ta yi asarar buhun zogale, domin mu mutanen rana ne, abin da muka sani shi ne shanya, nan kuwa wanda ya ce zai busar da abinci ya shirya zubarwa. Ta ce a garin nan abu ba ya ajiyuwa sai an nutsar da shi. Ta hau sama ta dawo mini da wata 'yar kwalba cike da wani ganye siriri mai kauri a cikin ruwan khal, ruwan tsamin nan da ake kira binega. Ta ce a jikin duwatsun bakin teku yake fitowa a garin mijinta, inda ruwan teku ke fantsamar masa. Uwar mijin ce ta ba ta iri, ta shuka a bokitai a rufin bene. Na ɗanɗana na ji tsami, da ɗan gishiri-gishiri nasa na halitta, da ƙamshi tsakanin karas da ɓawon lemo, ga shi yana ƙaras-ƙaras a baki.

Na nuna wa likita, ya ce a ba shi kaɗan a gefen abinci. To sai Baba ya shinshina ya ce shi ba zai ci abin da ke warin giya ba, bai tsufa a kan sallah ba don ya ƙare a kan wannan. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, na fita baranda na tsaya don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Alhaji Iddrisu ne ya cece ni. Ya tambayi malami bayan sallar Juma'a, ya hawo yana haki ya ce wa Baba khal halal ne, kuma in Babayo, haka yake kiran Baba, ya ƙi ci to shi zai cinye a gabansa. Ya ɗauki cokali ya fara ci da gaske yana lumshe ido. Baba ya harare shi, ya ce mutumin Kumasi ba ya ganin abinci ya kau da kai, a miƙo masa kafin a ƙarar. Yaya, ranar Baba ya cinye rabin kwanon shinkafa. Na koma wajen wanke-wanke ina kuka a hankali don kada ya ji.

Daga nan Aicha ta koya mini yadda ake yi. Ana tsinko masu taushi, a wanke, a tsoma a tafasasshen ruwa a tsame nan take, wannan ne ke rage masa gishirin da ɗacin. A tafasa kwalba a bar ta ta bushe, a danna ganyen a ciki da tafarnuwa, a zuba khal har ya sha kansa, domin duk wanda ya leƙo sama shi ne zai lalace ya lalata sauran. Na lura khal yana karɓar wani abu ya ba da wani. Koren nan mai sheƙi yana dushewa ya koma kamar na dafaffiyar rama, ƙamshin ɗanyen ma yana raguwa. Amma ɗacin yana kwanciya, ƙaras-ƙaras ɗin yana nan, kuma wanda ya kwana biyu ya fi na jiya daɗi nesa. In khal ya yi ƙarfi da yawa sai ganyen ya yi laushi, tsamin ya danne komai, don haka nake sirka shi da dafaffen ruwa kaɗan yadda ta nuna mini. Da na ga bokitan Aicha ba za su ishe mu ba, sai na gwada da karas da kabeji da ɗanyar kuɓewa. Kuɓewar ta ba mu dariya, domin khal ya kashe mata yauƙi gaba ɗaya. Baba ya juya ta a cokali ya ce wannan an raba ta da sana'ar ubanta, amma ya cinye.

Yanzu yana ci, kumatunsa sun ɗan ciko, har yana tashi zaune da kansa. Na ɗauka mun kusa. Amma a zuwanmu asibiti na ƙarshe likita ya duba hoton kan Baba da na zuciyarsa, sannan ya ce ƙarfin jiki ya samu, sai dai akwai wani abu a jijiyar da doguwar tafiya a sama za ta iya tayarwa. Ya ce a jira, kuma ya ƙi faɗin zuwa yaushe. A makon nan kuma na je sabunta izinin zamana, suka ce na Baba za su ci gaba da ƙarawa tunda majinyaci ne, nawa kuwa wannan ne na ƙarshe. In na wuce wa'adin na zama cikin masu ɓuya a ɗaki suna jin tsoron ƙwanƙwasa ƙofa, irin waɗanda ko asibitin ba za su iya raka shi ba. Ban gaya wa Baba ba, amma Alhaji Iddrisu ba ya iya riƙe magana.

Shekaranjiya da hantsi ina ba shi abinci, sai ya nuna kwalbar ya tambaye ni ko abin nan yana daɗewa. Ni da wautata na ɗauka yabo ne, na hau zuba ina cewa ai Aicha ta ce in ba a buɗe ba yana kaiwa wata da watanni. Sai ya ce to in nemo kwalabe manya in cika su duka. Ya ce sun gama magana da Alhaji Iddrisu, zai koma ɗakinsu na ƙasa, Rukaya za ta riƙa dafa masa shinkafa, abin da zai ci shinkafar da shi ne kawai matsala, kuma ga shi na warware ta. Ya ce in koma wa 'ya'yana, shi bai haife ni don in zama fursuna a kansa ba. Na ce ba inda za ni. Ya ce ba shawara yake ba ni ba, kuma ya faɗa da muryar nan tasa da kika sani.

Jiya muka cika kwalaben. Aicha ta tsinke bokitanta tas ta kawo mana, ta ƙi karɓar komai. Baba ya sa na zaunar da shi a gaban tebur, yana danna ganyen da hannunsa mai lafiya, yana yi mini faɗa wai ban cika khal ɗin har sama ba. Tun da ya kwanta ban ga ya sake irin na jiya ba, har 'yar waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa kowace kwalba na murɗa murfinta sai in ji kamar a ƙirjina nake murɗawa. Na yi ta neman abin da zai ci don mu taho gida tare, ashe abin da zai ba shi damar sallamata nake haɗawa da hannuna. Ban san ko daidai nake yi ba, Yaya. Na dai san babu wata hanyar da aka bar mini.

Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, amma kada ki karanta mata wannan takarda, ki bari in zo in gaya mata da bakina. Ki gaishe da maigidanki da ɗan uwanmu Abdulbaƙi, ki ce masa na ga saƙonsa, Allah ya bar zumunci. Ki shafa mini kan Muhammad Sani da Mas'uda. Alhaji Iddrisu da Rukaya da Aicha duk suna gaishe ku, ku sa su a addu'a, sun yi mana abin da sai ɗan uwa na jini. Kada ki ƙara wahalar da kanki da aiko busasshen ganye.

Jirgina zai sauka Kano ranar Laraba ta sama, in Allah ya yarda. Alfarma ɗaya nake roƙo, ki zo ke kaɗai ki tare ni. Duk yadda Hajiya ta matsa kada ki taho da ita filin jirgi, domin na san in na fito ba ni za ta kalla ba, bayana za ta riƙa dubawa.

Wassalam, taki ƙanwa mai kewarku,
Barira Babayo