Kwalbar da Ke Bisa Kabad

Assalamu alaikum, Baban Hanifa.

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma shirun ya ishe ni.

Muna nan Lugbe lafiya. Hanifa ta koma makaranta. Tifofin yashi na ta wucewa, an kusa gama benen da ke bayanmu. Ni kuwa ina takaba, daga ni sai kwalbarka da ke bisa kabad.

Ka tuna ranar da ka kawo kwalba ta farko daga ɗakin bincikenku, don a can janareto na girgiza tebur? Ka ce a cikin ruwan akwai ƙwayoyin sinadari da ido ba ya gani, in an bar su ba motsi, da kansu za su nemi juna su jeru, ba mai jera su. Na yi dariya, na ce ko 'yarka ba ta jera takalmanta sai an yi magana. Gargaɗi ɗaya ka yi min: kada a taɓa.

Wata biyar kana jira, sai ruwan ya dagule. Ka ɗora wa tifofi laifi, har ka fita titi kana faɗa da direba, kai da ko ɗaga murya ba ka iya ba. Baban Hanifa, ba tifa ba ce. Ni ce. Baƙi za su zo, na ga ƙura a ƙarƙashin kwalbar, na ɗaga na goge na mayar. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Da na ga ka zauna ka dafe kai, kunya ta kulle min baki. Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Wa ya ce min goben tawa ce?

Ta biyun da ka haɗa kafin a kwantar da kai asibiti, wallahi ko tsumma bai je kusa da ita ba. Ƙura ta lulluɓe kabad ɗin, yayarka ta yi min gorin ƙazanta, duk da haka ban goge ba.

Jiya da hantsi rana ta haska kwalbar. Sun jeru. Siraran allurai masu ƙyalli, reras a gindinta, kamar yadda ka taɓa zana min a bayan ambulan ɗin wasiƙa. Wata ɗalibarka ta zo ta gani, ta fashe da kuka. Ni kuwa har na juya zan kira ka.

Ka yafe min wata biyar ɗin nan. Da ban goge ƙurar ba, da ka gani da idonka.

Allah Ya haskaka kabarinka. Sai mun zo.

Matarka,
Maman Hanifa